Inda "hand" ta Bature ta rabu da hannu namu

Wata ɗaliba mai koyon aikin jinya ta aiko mini da tambaya, kuma daga yadda ta rubuto na gane abin ya sosa mata rai. Ta ce ranar da aka tura su asibiti aikin gwaji, an kawo wani dattijo da ya faɗo daga kan babur yana dafe da damtsensa na dama. Ita aka sa ta cike takardarsa, sai ta rubuta "pain in the right hand". Babbar nas ɗin da ke kula da su ta karanta, ta je ta jujjuya tafin hannun dattijon da yatsunsa ba ta ga komai ba, ta dawo ta yi mata faɗa a gaban sauran ɗalibai. Da dare ta buɗe ƙamus don ta ga inda ta kuskure, sai ta tarar kalmar hand ita kaɗai ta cinye fiye da shafi guda. Shi ne take tambaya: daga ina hand ta fara, a ina ta tsaya? Me ya tara mata wannan tulin ma'anoni? Kuma tunda ta yi kama da hannu namu, ko asalinsu ɗaya ne?

'Yata, ki kwantar da hankalinki. Na daɗe ina koyar da Turanci, kuma ban taɓa riƙe ajin 'ya'yan Hausawa da ban ci karo da wannan kuskure ba. Ba rashin ƙoƙari ba ne. Kin yi tunaninki da Hausa, a Hausa kuwa abin da kika rubuta daidai ne, domin wanda damtsensa ke ciwo hannunsa ke ciwo. Hannu a wurinmu daga kafaɗa yake tasowa har ƙarshen farce. Bature shi ya datse shi gida biyu. Daga wuyan hannu zuwa kan yatsu shi ne hand, wato gaɓar nan mai ƙasusuwa 27 da aka koya muku: 8 a wuyan hannu, 5 a tafi, 14 a yatsu. Abin da ya rage daga wuyan hannu zuwa kafaɗa sunansa arm. A bakin likitoci ma an ƙara rarraba shi, daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu upper arm, daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu forearm. Nas ɗinku ta tafi neman ciwo inda kalmarki ta aike ta ne. Faɗa a gaban jama'a ba shi da daɗi, amma a aikinku kalma ɗaya tana iya sa a ɗauki hoton ƙashin da lafiyarsa ƙalau a bar wanda ya karye.

Kada kuma wani ya ce miki wannan gazawar Hausa ce. Wani masanin harsuna mai suna Cecil Brown ya bi harsuna 617 na duniya yana duba wannan batu, ya samu 228 daga cikinsu kalma ɗaya suke amfani da ita kamar yadda muke yi. Mutumin Rasha ruka yake cewa tun daga kafaɗa, mai jin Swahili ya ce mkono. Ki duba ayar alwala ma a Suratul Ma'ida, inda aka ce a wanke hannaye zuwa gwiwar hannu. An faɗi iyakar ne saboda kalmar yad ta Larabci tana iya ɗaukar fiye da tafi da yatsu. Masu fassara ayar zuwa Turanci sun sha fama a nan, wasu su rubuta hands, wasu forearms, wasu su haɗa hands da arms. Mu ma in buƙatar rarrabewa ta taso muna da damtse, gwiwar hannu, tsintsiyar hannu, tafi da bayan hannu. Bambancin kawai shi ne mu sai mun ga dama muke rarrabewa, shi kuwa Bature harshensa ya tilasta masa a kowace jimla.

Game da kamannin hand da hannu, dace ne kawai, babu dangantaka ko kaɗan. Hausa 'yar gidan harsunan Cadi ce, kuma danginta na nesa su ne Larabci, Ibrananci, Amharik na Habasha da harsunan Buzaye. Shi ya sa mutu tamu da mautu ta Larabci masana suke ganin daga tushe ɗaya suka fito. Turanci gidansa daban ne, ɗan uwan Jamusanci ne da harshen mutanen Holan. Ba aro ba ne kuma. Abin da muka ara daga Turanci abin da Bature ya zo da shi ne: mota, tebur, birki, likita, asibiti. Al'umma ba ta cika aron sunan gaɓar jikinta ba, kuma kakanninmu suna cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka tun kafin sojan Ingila ya shiga Kano a 1903. Irin wannan dacen yana faruwa tsakanin harsuna. A Farisanci bad na nufin mummuna, daidai da bad ta Turanci, alhali kowace da hanyar da ta biyo. Sautukan da bakin ɗan Adam ke iya fitarwa ba su da yawa, kalmomi kuwa dubbai ne, dole wasu su yi karo.

Ita hand tsohuwa ce ƙwarai a gidansu. Ƙabilun Angil da Sakson da suka ƙetara teku daga arewacin Jamus da yankin Denmak zuwa tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5 da ita suka zo. A tsofaffin rubuce-rubucen Ingila za ki gan ta hand ko hond. Jamusawa har gobe Hand suke cewa, mutanen Holan da na Suwidin ma hand. A fassarar Baibul da wani limamin Kirista mai suna Wulfila ya yi zuwa harshen Got, wata tsohuwar ƙabila dangin Jamusawa, a ƙarni na 4, handus ce. Abin da ke ba ni sha'awa shi ne yadda ta ƙi sauyawa. Kalmar head a da heafod ce, lord kuma hlaford, duk zamani ya gaigaye su. Hand kuwa, da za a tashi mutumin Ingila na shekara dubu da ta wuce ki faɗe ta, zai gane ki.

Masana da dama suna danganta tushenta da wani aikatau na harshen Got, hinthan, mai ma'anar kamawa ko cafkewa. A wannan fahimta hand tana nufin makami a asalin ma'anar kalmar, abin da ake kamu da shi. Ki riƙe wannan, domin shi ne zaren da ya ɗinke yawancin abin da kika gani a shafin ƙamus. Ba sai kin haddace ma'ana talatin ba. Abin da ke hannunka kana riƙe da shi, abin da kake riƙe da shi kana da iko a kansa, kuma amanarsa tana wuyanka. Daga nan kusan komai ya tsiro.

Idan likita ya ce wa dangin majinyaci "he is in good hands", yana nufin yana hannun waɗanda suka san aiki, kamar dai yadda mu ma za mu ce yana hannu nagari. "It is out of my hands" ya fi ƙarfina ke nan, ba a hannuna yake ba. Kaya in suka "change hands" sun sauya mai su. "Upper hand" rinjaye ne. "Ask for her hand" neman aurenta ne, daga al'adarsu ta uba ya ɗora hannun 'yarsa a kan na ango. Har nan Bahaushe ba ya shan wuya, don tunanin ɗaya ne da namu. Inda ɗalibaina ke tuntuɓe shi ne ƙananan kalmomin da ke zuwa gaba, waɗanda kowace ke juya ma'anar. "At hand" abu ya kusa, kamar a ce jarrabawa ta ƙarato. "On hand" yana nan a ajiye, ana iya ɗauka yanzu, kamar magani a kabad. "In hand" ana kan aikinsa ko an shawo kansa, in kuma kuɗi ne to suna hannu. "By hand" da hannu aka yi, ba da inji ba, ko kuma wasiƙar da mutum ya kai da kansa. "Out of hand" tana da fuska biyu: rikici in ya "got out of hand" ya gagari kowa, amma in aka "rejected it out of hand" an yi watsi da shi nan take ba tare da an ko duba ba. Waɗannan biyar sun cancanci ki rubuta su a bangon littafinki.

Da kalmar ta zama aikatau sai ta ɗauki ma'anar miƙawa. "Hand in" ki miƙa wa na sama da ke, kamar aikin gida. "Hand out" rarrabawa, daga nan aka sami handout ɗin da malamai ke ba ɗalibai a manyan makarantu, ko da yake a Ingila da Amurka kalmar tana kuma nufin sadaka ko tallafin da ake ba mabuƙaci. "Hand down" gadar wa na baya. "Hand over" kuwa kin fi ni saninta, ita kuke yi duk safiya da yamma in masu aikin dare za su miƙa wa na rana majinyata. Ita ce dai ake yi a Abuja ranar 29 ga Mayu, tun daga 1999, idan za a miƙa mulki.

Akwai reshe na biyu, inda hannu ke tsayawa a madadin mutum gaba ɗayansa. Lebura a gona "farmhand" ne, ma'aikacin jirgin ruwa "deckhand". Kiran nan na "all hands on deck" da 'yan siyasarmu suka riƙe wa wuya, asalinsa umarnin kyaftin ne idan guguwa ta taso: kowa ya fito saman jirgi. Asibitin da ma'aikata suka yi wa ƙaranci "short-handed" ne, tsohon ma'aikaci da ya ga jiya ya ga yau kuma "old hand". Wannan amfani yana da ɗaci a tarihinsu. Lokacin da masana'antu suka cika arewacin Ingila, masu masaƙu hands suke kiran ma'aikatansu, kamar hannayen kawai suka ɗauka aiki, cikin da ke jin yunwa da kan da ke tunani ba ruwansu da su. Charles Dickens ya soki wannan ɗabi'a a littafinsa Hard Times na 1854. Ni dai ba na son jin shugaba yana kiran mutanen da ke ƙarƙashinsa da wannan suna, ko da Turancin daidai ne.

Hannu gwaninta ne kuma. Rubutun mutum ana ce masa hand ɗinsa, "she writes a good hand". "Try your hand at it" ki gwada ki gani ko za ki iya. Labarin da kika ji "first-hand" daga bakin ganau kika ji shi, "second-hand" kuwa daga jiyau, ko kayan da wani ya riga ya mora. A nan mun yi daidai da su, tunda mu ma mota ta hannu muke cewa.

Sai abubuwan da suka yi kama da hannu ko aka auna da shi. Tsinkayen agogo hands ne saboda nuni suke yi. Nonon ayaba "a hand of bananas" ne, kowace ɗaya kuma finger. Katunan da aka raba wa ɗan wasan karta su ne hand ɗinsa, shi ya sa "show your hand" ke nufin ka bayyana abin da ka ɓoye. Wanda na fi so shi ne awon doki. Har yau a Ingila da Amurka ba a cewa doki ya kai mita kaza, da hands ake auna shi, daga ƙasa zuwa tsinin kafaɗa inda wuya ya haɗu da baya. Asalinsa faɗin tafin hannu ne, amma da yake tafi ya fi tafi, a zamanin Sarki Henry na Takwas doka ta tsayar da shi inci 4, wato santimita 10.16. Lissafinsa yana da tarko. Dokin da aka rubuta 15.2 ba sha biyar da ɗigo biyu ba ne irin na makaranta, tafi 15 ne da inci 2, jimla inci 62, kusan santimita 157. Mu ma da jiki muka auna duniya: masaƙi da kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, mai haƙar rijiya da gaba. Daga filin sukuwa ne kuma aka sami "win hands down". Mahayin da ya yi wa sauran fintinkau ba ya buƙatar ƙara zaburar doki, sai ya sauke hannayensa ya sassauta linzami ya ƙarasa a natse. Yau ana faɗarta ga duk wanda ya yi nasara ba da wahala ba.

Akwai kalmomi uku da hand ke ɓoye a cikinsu, kuma labarinsu ya fi na sauran daɗi.

Handsome da kika sani da kyakkyawan namiji, a ƙarni na 15 ma'anarta abu mai sauƙin riƙewa, kamar gatarin da ƙotarsa ta zauna a hannu. Daga mai daɗin riƙo ta koma abin da ya dace, daga nan abin da girmansa ya gamsar, daga nan mai kyan gani. Tsohuwar ma'anar ba ta mutu duka ba, shi ya sa "a handsome sum" kuɗi ne masu kauri, ba kyawawa ba.

Handkerchief kuwa tamu ce yanzu, ita ce hankici. Kerchief daga tsohon Faransanci take, couvrechief, wato rufe kai, abin da za mu kira kallabi ko ɗankwali. Da Turawan ƙarni na 16 suka fara riƙe ƙaramin ƙyalle don share fuska sai suka manna masa hand a gaba, ya zama kallabin hannu. Ki lura da abu ɗaya. Bature ba ya furta harafin d a wannan kalma, hankacif yake cewa. Kakanninmu da suka are ta da kunne suka are ta, ba da ido ba, shi ya sa hankici ya fi kusa da furucin Landan fiye da yadda ɗalibi mai bin haruffa ke karanta ta. A handsome ma yawanci haɗiye d ɗin ake yi.

Ta ukun ta shafi aikinki kai tsaye, handicap. Za ki ji ana cewa wai daga "cap in hand" take, wato naƙasasshe mai bara da hula a hannu. Wannan labari ba gaskiya ba ne, kuma yana cutar da mutane. Asalinta "hand in cap", wani wasan musaya ne na Ingila. Mutum biyu za su yi furfure, a ce doki da agogo, sai su sa na uku ya yanke nawa mai ƙaramin kaya zai cika. Duk su zuba 'yan kuɗi a hula, masu cinikin su cusa hannu ciki, mai hukunci ya faɗi abin da ya yanke, su fito da hannu lokaci guda. Yadda kowa ya fito da nasa, a buɗe ko a dunƙule, shi ke nuna ya yarda ko bai yarda ba. Samuel Pepys, wani ma'aikacin gwamnati a Landan, ya ambaci wasan a littafin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum a 1660. Manufar wasan daidaita abu biyu da ba su kai juna ba. A ƙarni na 18 masu sukuwa suka ɗauki kalmar, ana ƙara wa dokin da ya fi gudu nauyi don a yi tsere na adalci. Daga nauyin da aka ɗora wa doki ta koma duk wani abu da ke rage wa mutum sauri, sai a farkon ƙarni na 20 aka fara kiran masu naƙasa da ita. Yanzu an bar yayinta a wannan ma'ana, kuma da yawa daga masu naƙasar ba sa son ta. Dokar Najeriya ta 2018 da ta hana nuna musu wariya "persons with disabilities" ta ce. Haka za ki rubuta a takardar asibiti.

Turanci yana da wasu hannayen guda biyu da ya aro, kuma a littattafan likitanci su za ki fi gani. Bayan da Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci da Latin suka kwararo cikin harshen. Hannu a Latin manus ne. Manual aikin hannu ne, ko littafin da ake riƙewa a hannu. Manuscript rubutun hannu. Maintain riƙewa da hannu. Manage ta biyo ta Italiya, inda take nufin sarrafa doki da linzami. Emancipate fitar da mutum daga hannun mai shi, wato 'yantawa. Manufacture ma'anarta ta farko yi da hannu, ga shi yau ta koma sunan abin da inji ke yi. Har manure, takin gona, daga kalmar aikin ƙasa da hannu ta fito, uwa ɗaya da manoeuvre. Tsohon Turanci yana da 'yar uwar manus, wato mund, mai nufin hannu da kuma kariya. Ta ɓace daga magana amma ta maƙale a sunaye irin su Edmund. Hannu na biyu na Girkanci ne, kheir. In aka haɗa shi da ergon, aiki, sai a sami kheirourgia, wadda ta bi ta Faransanci ta gajarce ta zama surgery. Surgeon dai mai aikin hannu ne. Mu kuwa sunan ɗakin muka ara, theatre, muka ce tiyata.

Dama da hagu ma sun bar sawu. Dama a Latin dexter ce, daga nan dexterity, ƙwarewar hannu, da ambidextrous, mai amfani da hannu biyu kamar duka dama ne. Ruwan dextrose da kuke ƙara wa majinyata an sa masa sunan ne saboda sukarin cikinsa yana karkatar da wani nau'in haske zuwa dama. Hagu kuwa sinister ce, wadda a Turancin yau ke nufin abu mai alamar mugunta. Ashe ba a ƙasar Hausa kaɗai bahago ya sha tsangwama ba. "Right-hand man" shi ne na hannun daman mutum, babu bambanci.

Abin da na fi so ki kiyaye shi ne wuraren da harsunan biyu suka yi kama har mutum ya saki jiki. Wasu sun dace sarai. "From hand to mouth" shi ne hannu baka hannu ƙwarya. "He has a hand in it" da hannunsa a ciki. "Caught red-handed" an kama shi dumu-dumu, kuma daga dokokin Sikotilan na ƙarni na 15 ta fito, inda ake nufin wanda aka kama da jini a hannu. "I wash my hands of it" na tsame hannuna ke nan, daga labarin Bilatus, gwamnan Romawa, a Linjilar Matiyu, wanda ya wanke hannunsa a gaban taro don ya nuna ba ruwansa da hukuncin da za a yi wa Yesu.

Wasu kuwa kamar rijiya ce da aka rufe da tabarma. In Bahaushe ya ce ba ni hannu, gaisawa yake so. In nas Baturiya ta ce miki "give me a hand" ba musafaha take nema ba, cewa take kama mini, wataƙila za a juya majinyaci ne. In mai gabatarwa a taro ya ce "give her a big hand", tafi ake so a yi mata. Mukan ce ɓarawo ya shiga hannu, amma "the thief is in hand" ba ta ba da wannan ma'ana, sai dai "in custody". Direbanmu yana cewa wancan ya shigo hannuna, kuma dattawa suna tuna 1972 da aka bar tuƙi ta hagu aka koma hannun dama, amma Bature lane ko side zai ce, "he entered my hand" ba ta da ma'ana a kunnensa. Sa hannu a takarda sign ne, ba "put hand" ba. Hannun riga sleeve ne, kuma in aka ce mutum biyu sun yi hannun riga, "parted ways" za ki ce. Hannun jari shares ne. Masu hannu da shuni kuwa ba su da takwara, domin wannan magana daga bakin karofi ta fito, daga zamanin da shuni a hannu ke nuna mutum yana juya dukiya. Bature aljihu yake kallo, ya ce "deep pockets". Sannan ki raba Turancin Ingila da na kasuwarmu. "You fall my hand" da "my hand no dey" Burokan ne mai kyau a wurinsa, amma ba na takardar aiki ba. Handwork da muke kiran sana'a da ita, su trade ko craft suke cewa.

Ruwan yana gudu ta ɗaya gefen ma, kuma wannan yana damuna. Ina yawan jin masu karanta labarai suna cewa "a ɗaya hannun kuma". Wannan "on the other hand" ce aka sa wa hula da babbar riga. Bahaushe a ɗaya ɓangaren yake cewa, ko ta wani gefen, ko kawai amma. Wanda ya san inda harsunan biyu suka rabu ba ya zuba Hausa a Turanci, ba ya kuma zuba Turanci a Hausa.

Mu koma kan dattijonki. Abin da ya kamata ki rubuta shi ne "pain in the right upper arm". Amma gyaran na gaskiya kafin rubutu yake. Majinyacinki da Hausa zai yi miki bayani, takarda kuwa da Turanci za ki cike ta, don haka ke ce tafinta tsakaninsa da likita. Duk wanda ya ce miki hannuna ke ciwo, ki ce, Baba, nuna mini daidai wurin da yatsa. In ya taɓa kafaɗa shoulder, hammata armpit, damtse upper arm, gwiwar hannu elbow, tsakaninta da wuyan hannu forearm, wuyan hannu wrist, tafi palm. Ki rubuta dama ne ko hagu da cikakkiyar kalma. Irin wannan tarko yana jiran ki a ƙasa, domin ƙafa tamu ta haɗa leg da foot, kuma idon sawu, ankle, shi ne iyakarsu. Cinya thigh ce, ƙwauri shin, diddige heel. Yatsa kuma in na hannu ne finger, babbansa thumb, in na ƙafa ne toe, kada ki taɓa rubuta "fingers of the leg".